Dutsen da Muka Yi Ta Nema a Tsibin Yashi

A shekarar 2003, ina aji biyar a firamare, gida ɗaya ne kaf layinmu a Gwammaja yake da na'urar kallon faifan sidi, da ɗan janaretan da zai riƙe ta idan an ɗauke wuta. Gidan wani maƙwabcinmu ne mai fatauci zuwa Ikko. Bayan sallar isha'i, in an taki sa'a maigidan yana cikin walwala, sai a fito da talabijin tsakar gida a ɗora a kan tebur, mu kuma mu baje a tabarma, ƙanana a gaba, manya a baya, takalmanmu tuli guda a bakin zaure. Galibi fim ɗin Indiya ake sakawa, ko na 'yan Cana masu dambe. Wani dare sai ga katun. Samarin layi suka yi tsaki, wai kallon yara ne, rabinsu suka watse. Mu da muka rage muka gyara zama.

Sai da na girma na san sunan fim ɗin Atlantis: The Lost Empire, kuma kamfanin Disney ne ya fitar da shi a 2001. A lokacin kuwa sunansa a wurinmu "Mai Tabarau", saboda jarumin wani siririn saurayi ne mai ƙaton gilashi, wanda ko ɗan akuya ba zai iya kayarwa ba. Turancinmu bai wuce na gaisuwa ba, don haka yayana da ke aji uku a sakandare shi ne tafinta. Da an yi magana sai mu juya.

"Yaya, me ya ce?"

"Cewa ya yi ku rufe wa mutane baki."

Da ɗan abin da ya ga damar fassarawa, da abin da idanunmu suka gane mana, muka haɗa labarin. A shekarar 1914 ne. Mai Tabarau, wato Milo, masanin tsofaffin harsuna ne da ake yi wa kallon taɓaɓɓe a gidan tarihin da yake aiki a birnin Washinton, don ya nace cewa akwai wani birni da teku ta haɗiye. Wani attajiri ya ba shi wani tsohon kundi, ya haɗa shi da ayari da ƙaton jirgi mai nutso. Bayan sun sha da ƙyar a hannun wani dodon ƙarfe mai siffar ƙaguwa, suka bi ta kogunan ƙarƙashin ƙasa har suka ɓulla birnin. Ga mutane nan da ransu, masu farin gashi, kowa da ɗan shuɗin dutse rataye a wuya kamar laya.

Wannan dutsen shi ya tafi da hankalinmu. Shi ne fitilarsu. Shi ne maganinsu, domin mun ga gimbiyar garin, Kida, ta kara nata a kan raunin Milo, nan take ya warke. Shi ya sa suke daɗewa a duniya, har yayana ya rantse mana cewa gimbiyar ta haura shekara 8,000, muka ce ƙarya yake yi, ashe a nan gaskiyarsa ce. Shi ne kuma makullin wasu jirage na dutse masu siffar kifi, waɗanda da an zura shi a ɗan rami an murɗa sai su yi shuɗi su tashi sama. Duk ƙananan kuwa daga uwa ɗaya suke sha, wani gawurtaccen lu'ulu'u da sarki ya ɓoye a ƙarƙashin fada, fuskokin sarakunan da suka shuɗe, sassaƙaƙƙu da dutse, suna kewaya shi a sararin kogo.

Ka tuna su wa ke kallon. Yara ne da ke yin aikin gida da fitilar ƙwai, waɗanda in wuta ta dawo unguwa duk sai ta ɗauki ihu. A ce akwai dutsen da ba ya son kananzir, ba ya son batir, ba a kawo takardar kuɗinsa a ƙarshen wata! Faifan biyu ne, na biyun ya sha karce, yana zuwa daidai inda gimbiya take tafiya a kan ruwa zuwa ga babban dutsen sai hoton ya tsaya cak, ya farfashe gida-gida. A ciro shi, a hura masa iskar baki, a goge da gefen riga, a mayar. Haka muka lallaɓa har ƙarshe. Na koma gida ban iya barci ba.

Washegari aka fara farauta. Akwai wani kango da ake ginawa a bayan layinmu, tifa ta juye tsibin yashi biyu a ƙofarsa. Mu huɗu, daga tashi makarantar allo, muka duƙufa tono da hannu da murfin gwangwani. Abin da muke nema farar tsakuwa ce mai sheƙi, wadda in ka ɗaga ta a rana haske yakan ɗan ratsa ta, irin wadda tsofaffi ke kira ƙanƙara. Mun riga mun san sirrinta tun kafin fim ɗin: in ka shiga ɗaki mai duhu ka goga guda biyu da ƙarfi, sai ka ga wani ɗan haske ya gilma a cikinsu, wani wari kamar na ƙuna ya biyo baya. Wannan ai hujja ce da ba ta buƙatar shaida. Wuta na cikin dutsen, fito da ita kawai ya rage.

Mun gwada duk dabarar da ƙwaƙwalwar ɗan shekara goma za ta iya. Mun cusa tsakuwa a tocilan a madadin batir. Mun ɗaura mata wayar tagulla muka haɗa da ƙwan fitila. Mun jiƙa ta a ruwan bula don ta yi shuɗi, wai ko launin ne matsalar. Wani abokina ya shanya tasa a kan kwano kwana uku don ta sha rana. Ni kuwa na ƙulla tawa da zaren lilo na rataya a wuya, har malamin allo ya hango ta, ya tambaye ni wane boka ne ya ba ni, na sha bulala biyu kafin in gama bayani. Mai gadin kangon ma ya gaji da mu, domin kullum sai ya tarar da yashinsa a baje har bakin kwata.

Ƙarshenta tocilan ɗin gidanmu ta lalace, aka aike ni da ita wajen Kawu.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, mai gyaran rediyo da agogo. Shagonsa bai fi faɗin tabarma biyu ba. Tebur ɗaya, akwatin gilashi cike da agogunan da masu su suka manta da su, gawarwakin rediyo jere har rufi, ga ƙarfen lamba a kan ɗan kurfoti saboda wuta ba ta da tabbas. Wurin kullum ƙaurin dalma yake yi. Ya kwance tocilan, ya zazzage, sai ga tsakuwa uku sun faɗo kan tebur. Ya dube su, ya dube ni.

"Kai, ɗan nan, wannan kuma fa?"

Na sunkuyar da kai na zayyana masa komai, tun daga Mai Tabarau har zuwa kifin dutse mai tashi. Na zaci zai yi dariya ko ya kai ƙarata gida. Sai ya yi shiru, ya jawo wani agogon hannu daga cikin akwati, ya nuna mini wasu ƙananan haruffa a fuskarsa.

"Karanta min nan."

Na haɗa baƙaƙen da ƙyar: Q, U, A, R, T, Z.

"To, sunan dutsen naka ke nan a Turance."

Ya ɓalle bayan agogon da bakin wuƙa, ya ba ni gilashin da yake maƙalawa a ido. A gefen batir akwai wani ɗan bututun ƙarfe da bai fi ƙwayar shinkafa ba. Ya ce masu gyara kiristal suke ce masa. Ya ɗauko wani matacce, ya matse shi da filaya a hankali har ya buɗe. A ciki sai ga wani ɗan mitsitsin abu mai ƙafa biyu kamar gwafa, garai-garai, wanda in ka yi numfashi da ƙarfi sai ya ɓace.

"Wannan ɗan'uwan tsakuwarka ne," in ji shi. "Amma ba ya ba da wuta. Batir ke ba shi wuta, shi kuma ya yi ta karkarwa, agogo yana ƙirga karkarwar. In ya mutu, ko sabon batir ka sa, agogo ya zama munduwa."

Raina bai so ba. Ni dutsen da zai kunna fanka nake so, ba mai karkarwa ba. Kawu ya lura. Ya ce in dawo ranar Juma'a bayan masallaci, ya kuma ƙara da wata magana da na ɗauka zolaya ce:

"In za ka zo, ka ce wa Inna ta ara maka ƙwayar tozali ɗaya. Wadda ba a niƙa ba."

Kakata tana da su a cikin wani tsohon tandu, 'yan dunƙule-dunƙule masu nauyi, launin toka mai walƙiya, irin waɗanda ake sayowa a Kasuwar Kurmi. Sai da ta yi mini tambayoyi kamar alƙali kafin ta ba ni ɗaya, ta ce in ya ɓata kada in dawo mata gida.

Abin da Kawu ya haɗa ranar nan ko kyan gani ba shi da shi. Siririyar wayar tagulla ce ya nannaɗe a jikin kwalin da aka yi bututu da shi, nadi a kan nadi, a jere kamar zaren masaƙa. Wata doguwar waya ya sa na hau darbejiyar ƙofar shago na ɗaura a reshe. Wata kuma ya ɗaure a ƙusa, ya kafa a ƙasa, ya zuba mata ruwan buta. Ya danne tozalin Inna a kan katako da ɗan ƙarfe, ya lanƙwasa wata siririyar waya mai tsini ta yadda bakinta zai riƙa taɓa jikin dutsen. Daga ƙarshe ya jona kan tsohuwar wayar tarho, ya kara a kunnensa, ya shiga yawo da tsinin a jikin tozalin, nan ba nan ba, kamar mai neman jijiya. Mun fi minti goma a haka. Can sai na ga girarsa ta ɗaga.

"Zo. Toshe ɗaya kunnen. Kada ka taɓa teburin."

Da farko ba na jin komai sai bugun zuciyata. Sannan, can ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rijiya, sai ga muryar mutum yana magana da Hausa. Gidan rediyon Kano ne, ana karanta gaishe-gaishe. Na cire abin daga kunne, na leƙa ƙarƙashin tebur ina neman inda ya ɓoye batir. Babu. Babu soket, babu batir, babu komai sai waya da dutsen kwalliyar kakata.

"Kawu, daga ina wutar take zuwa?"

Ya nuna sama da ƙarfen lambarsa. Ya ce maganar tana nan tana yawo a iska dare da rana, da ɗan ƙarfinta, wayar kan bishiya ce take kamo ta. Aikin tozali kawai ya bar wutar ta wuce ta gefe ɗaya ya hana ta komowa, da haka murya take fita daga cikin abin da ya ɗauko ta. Ya ce shi ma maigidansa da ya koya masa aiki ne ya nuna masa, kuma da irin wannan Turawa suka fara sauraren rediyo kafin a yi masu batir. Sa'an nan ya sake naɗe tozalin a takarda ya miƙo mini.

"Shekara nawa Inna tana da wannan? Ta taɓa jin ya yi magana? Dutse dutse ne, ɗan nan. Sanin inda za ka taɓa shi ne aikin."

A lokacin ban ɗauki maganar da wani nauyi ba. Abin da ya dame ni in ruga in ba abokaina labari, su kuma suka ƙaryata ni.

Daga baya karatu ya riƙa cike mini guraben. Na gano cewa a 1880 wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Pierre da Jacques Curie, suka lura cewa in aka matsa irin wannan farin dutse yakan fitar da 'yar wutar lantarki, aka kuma tabbatar cewa in aka ba shi wuta yakan motsa. A 1927 aka yi agogon farko mai aiki da shi a Amurka, girmansa kamar kabad. A ƙarshen 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fitar da na ɗaurawa a hannu. Ɗan gwafan da Kawu ya nuna mini kuwa sau 32,768 yake karkarwa a cikin daƙiƙa ɗaya. Ba kuma da ka aka zaɓi adadin ba: in ka yi ta raba shi biyu har sau 15, ɗaya zai rage, wannan ɗayan shi ne taku guda na hannun agogo. Tozalin Inna shi ne ma'adinin da masana ke kira galena, dalma ce haɗe da farar wuta, kuma da shi aka yi ta haɗa rediyo marasa batir a farkon ƙarni na 20.

Na kuma gano cewa mafarkin namu ba mu kaɗai muka yi shi ba. Labarin Atlantis ya samo asali ne daga rubuce-rubucen Aflatun, masanin Girka, fiye da shekara 2,300 da suka wuce, kuma shi bai ambaci wani lu'ulu'u ba. Wani Ba'amurke mai da'awar gani har hanji, Edgar Cayce, wanda ya mutu a 1945, shi ya yayata zancen cewa mutanen birnin da wani babban dutse suke samun ƙarfi, kuma shi ya hallaka su. Masu fim suka ɗauka daga nan. Kafin su, a 1986, Hayao Miyazaki na Japan ya yi fim ɗin Laputa, inda wani dutse yake riƙe da tsibiri guda a sararin sama, wata yarinya kuma tana rataye da ɗan guntun irinsa a wuya. Wasan Final Fantasy da ya fara fitowa a 1987 a kan duwatsu huɗu aka gina shi, na ƙasa da wuta da ruwa da iska. Jirgin Star Trek da nasa dutsen, takubban haske na Star Wars da nasu. Ko mu nan, ai mun tashi da labarin zobe da fitilar Aladin a Dare Dubu da Ɗaya. Ɗan Adam dai ya daɗe yana son ƙarfin da zai dunƙule a tafin hannu, wanda babu hayaƙi, babu gumi, babu bashi.

Sai da na yi aure na sake kallon Mai Tabarau, a waya, ni kaɗai, ba tafinta. A nan na ga abin da ya wuce mu a tsakar gidan nan. Ashe mutanen birnin ba a cikin daula suke ba. Gine-ginensu suna rushewa, jiragen kifin nan sun daɗe a yashe ciyawa ta rufe su, ga kuma makullin rataye a wuyan kowa. Dalili ɗaya ne: sun manta yadda ake karanta rubutun kakanninsu. Bayanin yadda ake tayar da jirgin yana nan a rubuce a jikinsa. Gimbiya ta sha zura dutsenta ta murɗa, ta sha ɗora hannu inda ake ɗorawa, abu ɗaya ya kuɓuce mata, wato a yi biyun a lokaci guda. Sai da baƙo ya zo daga wata duniya ya karanta mata. Mu muna can muna tafa wa kifi mai tashi, ba mu san an nuna mana kazar da ta kwana a kan dami ba. Na ajiye wayar, maganar Kawu ta dawo mini kamar yanzu ya faɗe ta.

Mugun fim ɗin ma, wanda muke ce wa bos, sai a lokacin na fahimce shi. Shi bai damu da abin da dutsen yake yi ba, nawa za a saya kawai yake lissafi, ko da ɗauke shi zai kashe garin. Irinsa ba sai an je ƙarƙashin teku ba. Kuzar Jos ta tafi, ta bar tafkuna inda gonaki suke. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, ya yi shekaru yana haskaka biranen Faransa, alhali ƙauyukan Nijar da dama da tocila suke kwana. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na 2010, lokacin da yara kimanin 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara. Iyayensu talakawa ne masu neman na abinci, suna kawo dutsen zinariya gida suna niƙawa, ba wanda ya taɓa gaya musu cewa ƙurar cike take da dalma. Dalmar nan dai ita ce a cikin tozalin Inna, shi ya sa likitoci suke hana sa wa jarirai irinsa. Dutse ɗaya, ya yi magana a shagon Kawu, ya yi kwalliya a idon kakata, danginsa kuma suka yi kisa inda ba a san halinsu ba.

Kawu ya rasu shekarun baya, Allah ya jiƙansa. Tun kafin nan sana'ar ta riga shi tafiya, domin mutane sun koma duba lokaci a waya, rediyon Cana kuma in ta lalace sai dai a yar. Shagon yanzu cajin waya ake yi a ciki. Kangon bayan layinmu ya zama bene, ba sauran yashi. Abokan tonon nawa kowa ya kama gabansa, ɗaya ma sai a Facebook muke gaisawa. Abin da ya rage mini gwangwanin madara ne guda, a cikinsa akwai gilashin idon Kawu, da farar tsakuwar nan tawa, har yanzu da ɗan shuɗin bula a cikin tsagarta.

Bara na sa faifan sola biyu a kan rufin gidana. Da ake ɗaurawa na tsaya ina kallon shuɗin gilashin yana ƙyalli, dariya ta kama ni, domin da silikon ake yin sa, silikon kuwa daga irin farin dutsen nan ake narko shi. Ashe ba mu yi kuskuren dutse ba. Abokina da ya shanya tasa a kan kwano ma ya kusa, tazarar da ke tsakaninsa da fanka mai juyawa karatu ne kawai.

Rannan da rana tsaka, unguwa ba wuta, fankarmu tana ta juyi, ɗana mai shekara tara ya tsaya a ƙarƙashinta ya ɗaga kai.

"Baba, mene ne a cikin abin kan rufin nan?"

Na ce masa dutse ne.

Ya harare ni irin hararar da na yi wa Kawu. Na jawo gwangwanin, muka shiga ɗaki muka rufe taga, na goga tsakuwata da wata da ya tsinto a waje. Hasken ya gilma. Ya yi tsalle da baya, sannan ya matso, ya karɓa, ya shinshina.

"To Baba, yaya ake yi ya kunna fanka?"

Na duba agogo, na ga da sauran lokaci kafin la'asar. Na ce ya sa takalminsa ya je gidan Hajiya, ya gaishe ta da kyau, ya ce ta ara mana ƙwayar tozali ɗaya. Wadda ba a niƙa ba.